HUNTURU A MANCHOK: KARE DA KYANWA MA SUNA BUKATAR LIKITA

Wanda ya daɗe a Kurmi yakan manta da yadda ɗarin gida ya ke. A Ikko ko Badun ko Fatakwal, in an ce hunturu ya shigo, ɗan hazo ne na 'yan kwanaki da bushewar leɓe, sai kuma gumi ya dawo. Amma a Manchok abin ba wasa ba ne. Wannan gari shi ne babban garin Moro'a, waɗanda Hausawa ke kira Marwa, su kuwa suna kiran kansu Asholio, yana cikin ƙaramar hukumar Kaura a kudancin Jihar Kaduna. Yana zaune ne a gindin tsaunukan Filato, bisa hanyar da ta tashi daga Kafanchan ta bi ta Kagoro, ta haura Ganawuri zuwa Vom da Jos. Daga ƙarshen Nuwamba har cikin Fabrairu iska kan gangaro daga kan dutse da dare, busasshiya mai ratsa ƙashi, gari ya waye ƙura ta lulluɓe ko'ina, ruwan randa kuwa sai mai ƙarfin hali ke sa hannu ciki.

Mutane sun san yadda za su yi da kansu. Ana fito da barguna da rigunan sanyi, ana hura wuta a tsakar gida, ana shafe yara da mai. Dabbobin da ke kawo kuɗi su ma ba a barinsu haka nan: akuya tana da ɗakinta, alade yana da nasa, kaji suna da akurki, Bafillace kuwa ba ya barci sai ya san halin da ɗan maraƙinsa ya kwana. Akwai dai dabbobi biyu da kusan kowane gida ke da su, amma ba a sa su cikin lissafi, watau kare da kyanwa. Su ne ke kwana a ƙasa, su ci abin da ya saura, in sun yi ciwo a ce za su nemi ganye da kansu.

LOKACIN AIKINSU NE

Abin mamaki shi ne, duk shekara babu lokacin da waɗannan dabbobi ke yi wa gida aiki kamar hunturu. An gama kaka, an zuba dawa da masara da dauro da acca a rumbu, ɓeraye kuma sun baro gonaki da dajin da aka ƙone sun nufo gida. Kyanwa ce ke tsare abincin shekara. Ba hatsi kaɗai ta ke tsarewa ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969, kuma ya ɓarke a wani asibitin mishan a Jos a farkon 1970, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashi a kan abinci, kuma da rani ya fi tsananta. Cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa game da wannan ciwo har da ajiye kyanwa a gida.

Kare kuwa aikinsa biyu ne. Na farko gadi. Rumbu cike, awaki a ɗaure, dare ya yi tsawo, kowa ya dunƙule cikin bargo. A shekarun nan da ƙauyukan wannan yanki suka sha fama da rashin kwanciyar hankali, ba sai an gaya wa kowa amfanin haushin kare da tsakar dare ba. Na biyu farauta. Da ciyawa ta bushe samari kan fita da karnuka neman zomo da gyazbi da gafiya. Bikin Afan na mutanen Kagoro, maƙwabtan Manchok, wanda a ke yi ran 1 ga Janairu, tun asali yana nuna ƙarshen girbi ne da buɗe lokacin farauta. Masu iya magana sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana, to amma karen da ya kwana yana rawar ɗari da yunwa, kaska ta shanye masa jini, ba zomon da zai kama.

ƊARI DA 'YAN KWIKWIYO

Babban kare mai ƙoshin lafiya, irin karen gida na ƙasar nan, yana iya jure sanyin Manchok muddin ya sami inda zai fake wa iska. Waɗanda ɗari ke kashewa su ne 'yan kwikwiyo, da tsofaffin karnuka, da ramammu, da waɗanda ƙazuwa ta cinye wa gashi. Kwikwiyo sabon haihuwa ba ya iya riƙe zafin jikinsa da kansa sai ya yi kamar mako uku zuwa huɗu. Ɗumin uwa da na 'yan'uwansa su ne bargonsa. In karya ta haihu a bayan rumbu, ta tashi da asuba neman abinci don ba a ba ta ba, kafin ta komo sai a tarar da ɗaya ko biyu sun sanƙare. Karya tana ɗaukar ciki kamar kwana 63 ne, saboda haka mai gida yana da isasshen lokaci na shirya mata wuri.

Shirin kuwa ba na kuɗi ba ne. Lungu ne wanda ba ya fuskantar gabas ko arewa, inda iskar ke fitowa, a tare shi da zana ko tsohon kwano, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko buhu a ƙasa don kada jiki ya taɓa siminti ko dandaryar ƙasa. A riƙa canja ciyawar duk mako ana ƙone tsohuwar, don a nan ƙuma ke yin ƙwai. In an tsinci kwikwiyo ya yi sanyi ya daina motsi sosai, kada a yi gaggawar ɗura masa madara, cikinsa ba zai iya narkar da ita ba, yana kuma iya shaƙewa. A fara ɗumama shi sannu a hankali, a sa shi cikin riga jikin mutum, ko kusa da kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma, sa'an nan a mai da shi ga nonon uwarsa. Ba a kara shi da wuta.

Wani abin da a ke mantawa shi ne ruwa. Saboda ana jin sanyi sai a ɗauka dabba ba ta jin ƙishi, alhali kuwa iskar hunturu tana busar da jiki fiye da yadda a ke zato, kududdufai da ƙoramun da karnuka suka saba sha da damina kuma sun ƙafe. Kasko ɗaya na ruwa mai tsabta a gindin bango ya isa. Abinci ma sai an ɗan ƙara, musamman ga karya mai shayarwa da karen farauta. A lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara, sa'ad da nama ya yawaita a gidaje, sai a kula da dafaffen ƙashin kaza, don yana tsagewa kamar tsinke ya soke maƙogwaro ko hanji. Sauran miya mai yawan albasa ita ma ba ta dace da kare ko kyanwa ba, albasa tana lalata musu jini.

CUTUTTUKAN DA KE ƊAUKE SU

Duk mai kiwon kare ya san irin ciwon nan da ke shiga gida ya kwashe 'yan kwikwiyo cikin kwana uku ko huɗu: su daina cin abinci, su yi ta amai, sa'an nan gudawa mai jini da ɗoyi. Sau da yawa akan ce wani maƙiyi ne ya ba su guba, har a yi gaba da maƙwabci a banza. Galibi ciwo ne da likitocin dabbobi ke kira fabo. Sabuwar cuta ce in an kwatanta da sauran, don a 1978 ta bayyana ta watsu cikin karnukan duniya. Ƙwayar cutar tana fita cikin kashi, tana kuma iya zama a ƙasa wata da watanni, shi ya sa wanda ya yi asarar kwikwiyo ya sake kawo wani nan da nan, shi ma sabon yakan bi na farko. Ba a kashe ƙwayar da allura. Abin da likita ke yi shi ne ƙarin ruwa da tsai da amai har jikin dabbar ya yi nasara da kansa, kuma in an kai da wuri da yawa sukan tashi.

Akwai kuma wanda a ke kira distemfa. Yana farawa kamar mura, da kwantsa a ido da majina da tari, har a ɗauka ƙurar hunturu ce kawai, daga baya sai jiki ya fara karkarwa, kare ya riƙa faɗuwa kamar mai farfaɗiya. Duka biyun nan suna da allurar rigakafi, kuma yawanci a haɗe su ke cikin kwalba ɗaya. Ana fara yi wa kwikwiyo yana da mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan mako uku ko huɗu, har sau uku. Maganin tsutsar ciki kuwa tun yana da mako biyu a ke farawa. Wannan bai shafi kare kaɗai ba, domin ƙwan tsutsar yana zama cikin ƙasar da yara ke rarrafe suna kai hannu baka.

Maganar kaska da ƙazuwa kuwa, a nan ne mutane suka fi yi wa karnukansu illa da hannunsu. Wani zai shafe kare da baƙin man mota, wani kananzir, wani ya yi masa wanka da maganin feshin gona ko na wankan shanu ba awo. A da Gammalin 20 a ke amfani da shi, wanda yanzu an hana. Kare yana lasar jikinsa, abin da aka shafa masa duk cikinsa za shi. Ga shi kuma an jiƙa shi da sassafe cikin ɗari. Malamin dabbobi yana da allura da ƙwaya na ƙazuwa waɗanda a ke aunawa da nauyin dabba, kuɗinsu kuwa bai taka kara ya karya ba. In wanka ya zama dole, a bari sai rana ta take, a yi da ruwan ɗumi, a goge shi ya bushe kafin la'asar.

Karen farauta yana da nasa: ƙuna a tafin ƙafa daga dajin da aka sa wa wuta, yankan tarko, saran kububuwa ko kasa. Ya kamata in an dawo daga daji a duba ƙafafunsa da kunnuwansa kafin a zauna rabon nama.

KYANWA BA ƘARAMIN KARE BA CE

Kyanwa, ko mage kamar yadda Kanawa ke cewa, ta fi kare wayon neman ɗumi, kuma wannan wayon ne ke jefa ta cikin haɗari. Tana shiga murhu ta kwanta cikin toka, wani lokaci da sauran garwashi a ƙasa. A gidan da akwai mota tana hawa cikin injin da dare don ɗuminsa, direba ya tashe shi da safe ba tare da ya sani ba. Bubbuga murfin inji kafin a murɗa makulli bai ɗaukar minti guda. Waɗanda ke shiga ɗaki da kaskon gawayi su rufe ƙofa da taga kuwa, su sani hayaƙin da ba a gani yana kashe kyanwa, yana kashe mai kyanwa.

Babban abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, maganin mutum ba na kyanwa ba ne. Farasitamol, irin su Panadol da a ke sha don ciwon kai, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Haka nan wasu magungunan kaska da a ke ɗiga wa kare a baya guba ne gare ta. Sai kuma maganin ɓera, wanda a ke yawan zubawa a rumbu daidai wannan lokaci. Ɓeran da ya ci guba ya yi laushi shi ne mafi sauƙin kamu, kyanwa ta cinye shi, ita ma ta bi. Gidan da ke da kyanwa sai ya zaɓi ɗaya, ko ita da tarko, ko guba.

Akwai masu cewa in an ba kyanwa abinci za ta yi ƙiba ta daina kamun ɓera. Ba haka ba ne. Farauta halinta ne, da ƙoshi da yunwa duk tana yi, mai yunwa kuwa ita ce ke barin gida ta koma na maƙwabta. Ita mai cin nama ce, tuwo zalla ba ya riƙe ta, sai an haɗa da ɗan kifi ko nama. Da hunturu takan kamu da irin tata murar, atishawa da ruwan ido da toshewar hanci, in kuma ba ta jin ƙamshi ba ta cin abinci. A goge mata hanci da tsumma mai ɗumi, a ɗumama abincin don ƙamshinsa ya tashi. In ta kwana biyu ba ta ci ba, magana ta koma ta likita.

HAUKAN KARE

Duk abin da aka faɗa a sama asarar dabba ce. Wanda ke tafe asarar rai ne na ɗan Adam, kuma shi ne dalilin da ya sa ko wanda bai damu da kare ba ya kamata ya tsaya ya karanta.

Ba sanyi ke kawo haukan kare ba, ba kuma zafin bazara ko iskoki ba. Ƙwayar cuta ce da ke cikin miyan dabbar da ta kamu, ta shiga jiki ta cizo, ko yaƙushi, ko lasar rauni, ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa. Abin da ya haɗa ta da wannan lokaci shi ne cuɗanya. Karnukan ƙauyuka dabam-dabam suna haɗuwa a fagen farauta su yi faɗa a kan nama, masu yunwa suna yawo gari-gari, yara kuma suna hutu suna wasa da kowane kwikwiyo suka gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 59,000 ke mutuwa da wannan ciwo kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kusan dukansu kuma ta hanyar kare. Cikin goma da aka ciza, kamar huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. A Nijeriya an fara rubuta labarin ciwon a jikin mutum a 1912, a jikin kare kuma a 1925.

Mutane sun san mahaukacin kare mai gudu yana dalalar miyau yana cizon duk abin da ya tarar. Wanda ba a sani ba shi ne mai shiru. Shi ba ya cizon kowa, sai ya laɓe a lungu, muƙamuƙinsa ya saki, ya kasa haɗiya. Mai shi ya ɗauka ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu cikin bakinsa don ya ciro, hannun kuwa duk faso ne na hunturu. Ta haka mutane da dama suka ɗauki ajalinsu. Karen da halinsa ya canja farat ɗaya, mai faɗa ya yi laƙwas ko mai sanyi ya zama mafaɗaci, ba a taɓa shi da hannu. Kyanwa ma tana kamuwa, haka saniya da akuya da jaki.

Mugun halin ciwon shi ne jinkiri. Rauni ya warke, an manta, sai bayan wata ɗaya ko biyu ko uku, wani lokaci har kusan shekara, yaro ya fara zazzaɓi da firgita, ya ga ruwa ya kasa sha. In an kai nan, babu asibitin da ke da magani, a Jos ko a Ikko ko a London. Amma kafin a kai nan ana iya tsai da shi sarai, kuma matakin farko yana hannun duk wanda ke gida: a wanke raunin nan take da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa ana wankewa har minti 15 cur. A duba agogo, don minti 15 ya fi yadda a ke zato tsawo. Kada a ɗaure, kada a cusa ganye ko toka ko barkono. Ƙona gashin karen a shafa a raunin, ko ba wanda aka ciza hantar karen ya ci, kamar yadda a ke yi a wurare da dama, ba ya hana kome, sai ma ƙara jefa mai fiɗar karen cikin haɗari.

Daga nan sai asibiti, a ranar, ba gobe ba. Dattawa suna tuna allurar da a ke yi a ciki kwana goma sha huɗu ko fiye, mai zafin gaske, wannan tsoro kuwa har yanzu yana hana wasu zuwa. An bar waccan. Ta yanzu a damtse a ke yi, 'yan ƙalilan ne cikin mako biyu zuwa huɗu, ana farawa ran da aka zo, sai rana ta 3, sai ta 7, sai abin da likita ya ƙara. In cizon ya yi zurfi, ko a fuska ne ko wuya ko yatsu, akwai wata allurar dabam da a ke yi a bakin raunin. Mutumin Manchok zai fara da asibiti mafi kusa ko babban asibitin Kafanchan, in ba a samu a nan ba ya wuce Jos ko Kaduna, kada ya koma gida ya zauna jira. Allurar tana da tsada ga talaka, wannan gaskiya ne, a nan ne kuma ɗan'uwa da ke Kurmi ke da rana.

Shi kuwa karen da ya yi cizon, in ana iya tsare shi ba tare da wani ya sake shan cizo ba, a kulle shi kwana 10 ana ba shi abinci da ruwa. In ya wuce kwanakin nan lafiya lau, to ba shi da cutar a bakinsa ran da ya yi cizon. In ya mutu ko an kashe shi, kada a farfasa kan, don ƙwaƙwalwar a ke aunawa. A kira malamin dabbobi ya san yadda zai aika da shi cikin ƙanƙara. Ba a jiran sakamako kafin a fara allura. Kada kuma a ci namansa ko a sayar da shi ga fatake. Akwai babbar kasuwar karnuka a Dawaki, cikin ƙaramar hukumar Kanke ta Jihar Filato, inda a ke tara karnuka daga sassan Arewa a loda su a mota zuwa Kuros Riba da Akwa Ibom. Masu bincike sun sha samun ƙwayar cutar a ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka don nama a ƙasar nan, waɗanda a ido lafiyarsu ƙalau. Wanda ya rabu da kare marar lafiya don 'yan kuɗi kaɗan, ya aika wa wani gida da masifa ke nan.

MAGANI YANA BAYAN DUTSE

Abin takaici game da Manchok da maƙwabtanta shi ne, wurin da a ke auna kan karen, a ke kuma yin allurar rigakafinsa, yana nan kusa, in an haura dutse. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tun 1924 ta ke wurin, sa'ad da Turawan mulki suka ɗauko aikin daga Zariya don yaƙi da bushiya, annobar da ta taɓa share garkunan Fulani. An daɗe ana fafatawa, amma a 2011 aka ba da sanarwar cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya. Da allura aka kashe ta, saniya bayan saniya, ruga bayan ruga. Abin da ya sa aka yi nasara shi ne saniya dukiya ce, mai ita zai yi tafiyar yini don a yi mata allura. Kare kuwa ba wanda ke ganinsa dukiya, shi ya sa allurarsa ke zaune cikin firji shi kuma yana yawo a gari.

Masana sun nuna cewa ba sai an yi wa kowane kare ba. In aka sami 70 cikin 100 na karnukan yanki, aka kuma dinga maimaitawa, cutar takan rasa inda za ta bi ta mutu. Tun 2007 aka keɓe ran 28 ga Satumba don tunawa da wannan yaƙi, ranar da Louis Pasteur na Faransa ya rasu, shi ne wanda ya fara ceton wani yaro da allurar a 1885. Hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da su ke so a daina mutuwa da cizon kare. Wasu jihohi kan yi allura kyauta a kewayen wannan rana, amma ba kullum ta ke isa ƙauye ba, kuma kwikwiyon da aka haifa a Oktoba bai san an yi ba.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Kare ko kyanwa in sun cika wata uku a yi musu, a kuma maimaita kowace shekara. A yi wurin likitan dabbobi ko malamin dabbobi na gwamnati, ana iya tambaya a sashen aikin gona na ƙaramar hukuma a Kaura. Kada a sayi kwalba a kasuwa, domin allurar tana mutuwa in ta sha zafi, wadda ta yini a aljihu ruwa ce kawai. A karɓi takardar shaida mai kwanan wata a adana, ran da karen ya ciji ɗan maƙwabci ita ce za ta raba gardama. In unguwa ta haɗa kai, mai unguwa ko shugabannin coci da masallaci suka sa rana, malami zai zo sau ɗaya da akwatin ƙanƙararsa ya yi wa karnuka talatin ko arba'in, kuɗin mota ya rabu a kan kowa.

GA MASU ZUWA GIDA

Disamba ne watan da motocin Kafanchan ke cika daga Ikko da Badun da Fatakwal. 'Yan Arewa da yawa a Kudu aikin gadi su ke yi, wasu a gidajen Ikoyi da Apapa inda su ne ke ciyar da manyan karnukan Turai, su yi musu wanka, su riƙe su ran da likita ya zo. Irin waɗannan sun san aikin fiye da kowa a ƙauye, sun ga katin allura da idonsu. Wanda ya sayi atamfa da shinkafa don gida, bai kamata kuɗin allurar karen da ke gadin tsohuwarsa ya gagare shi ba. Ƙungiyoyin 'yan gari da ke taro duk wata a Kudu ma suna iya ɗaukar nauyin ranar allura guda a shekara, a daidaita ta da makon da kowa ke gida, kafin a fita farauta.

Masu kai wa gida kwikwiyon Turai kyauta su tuna cewa irin waɗannan ba su da juriyar karen gida ga kaska da cututtukan da ta ke kawowa, kuma in ba a gama musu allura ba fabo na jiransu a tsakar gida. Masu ɗauko kwikwiyo daga ƙauye zuwa Kudu kuwa, wanda ya fi yawa a Janairu, su tambayi ko an yi wa uwarsa allura, ko wani baƙon kare ya taɓa cizonsa, don kwikwiyo ma yana ɗauke da hauka cikin jiki makonni ba alama. Da an sauka, kafin a sake shi cikin yaran gidan haya, a fara kai shi asibitin dabbobi.